Thunderbird a ofishinmu na Katsina: manhaja mai amfani, amma a kula wajen sauya wa saƙonni wuri

Ni akawu ne a wani ƙaramin kamfani da ke sayar da takin zamani da iri da maganin feshi a kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, kuma kusan duk takardun cinikinmu da dillalan Kano da Legas, da na manoman da ke ɗibar kaya daga Jibiya da Mashi da Daura, ta imel suke zuwa. Shekara huɗu ke nan muna amfani da Thunderbird, manhajar karanta imel da aika shi, a kwamfutocin ofis, kuma har yau ban sami dalilin da zai sa in bar ta ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne wani abu da ya same mu a ƙarshen daminar bara, lokacin da na ce bari in gyara tsarin folda-foldar imel ɗin kamfani, gyaran da ya kusa cinye mana takardun shekara biyu.

Thunderbird kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Gidauniyar Mozilla ce ta samar da ita, sigarta ta farko cikakkiya ta fito a watan Disamba na 2004, kuma tun 2020 wani reshen gidauniyar mai suna MZLA ke kula da ita. Ga mai aiki a gari irin namu, inda sabis yakan zo ya tafi kuma data ke da tsada, babban amfaninta shi ne tana sauke saƙonni ta ajiye a kan kwamfuta, ta yadda ko an yini babu intanet mutum zai iya buɗe tsohon rasit, ya binciko farashin da aka yi wa dillali wata shida da suka wuce, ya rubuta amsa ya ajiye ta har sabis ya dawo. Tana ɗaukar adireshi da yawa a wuri ɗaya, kuma mu uku muke da su: na kamfani, na Gmail da muka fara da shi tun kafin mu yi rajistar namu, da na mai gidanmu. Siga ta 115 da ta fito a 2023 ta sauya fuskar manhajar sosai, kuma na ɗauki kusan mako biyu kafin idona ya saba da ita, amma ta zo da sauƙin nuna adadin saƙonnin kowace folda a gefen sunanta, abin da daga baya na gane darajarsa.

Wannan ajiyar da take yi a kan kwamfuta ita ce ta ruɗe ni, kuma ina zaton tana ruɗar mutane da yawa. Na ɗauka tunda saƙonnin suna buɗuwa ko babu intanet, to sun shiga rumbuna ke nan. Ashe abin da nake kallo madubi ne. Adireshinmu na kamfani yana aiki ne da tsarin da ake kira IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, kuma hikimar tsarin ita ce ainihin saƙon yana zaune a kan saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe mana imel, sannan kowace na'ura, waya ce ko kwamfuta, tana daidaita kanta da abin da ke can. Tsohon tsarin POP ya bambanta, domin shi kwaso saƙon yake yi ya kawo wa na'urarka. A IMAP kuwa, duk abin da ka yi a kwamfutarka umarni ne ka aika wa saba. Idan ka sauya wa folda suna, ya sauya a wayar kowa. Idan ka goge ta, ta gogu a wurin kowa da zarar na'urarsa ta sami sabis, har da kwafin da ke ajiye a kan kwamfutarsa, domin kwafin bin abin da ke kan saba yake yi.

Ga yadda abin ya faru. Wurin ajiyar da muka saya a hannun kamfanin da ke riƙe mana imel ya kusa cika, saboda hotunan takardun lodi da direbobi ke turowa, sai na yanke shawarar kwashe saƙonnin tsofaffin shekaru zuwa sashen da manhajar ke kira Local Folders, wanda shi kaɗai ne ainihin rumbun kwamfutar, ba ya da alaƙa da saba. Na ja foldar dillalanmu gaba ɗaya na sake ta a can. Idan aka ja folda daga wani adireshi zuwa wani sashe daban, manhajar kwafi take yi, ba ta taɓa ta asali, kuma wannan tsari ne mai kyau. Nan take folda mai suna iri ɗaya ta bayyana a sabon wurin, na buɗe na ga saƙonni a ciki, hankalina ya kwanta. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na'urar intanet ɗinmu ta mutu, kuma kafin a tayar da janareta an yi kusan minti ashirin. Da komai ya dawo ban koma na duba ko kwafin ya ƙarasa ba. Na goge foldar asali, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, na rufe kwamfuta na tafi sallar La'asar. Tun da daɗewa kuma na zaɓi cewa a riƙa zubar da kwandon shara duk lokacin da na rufe manhajar, don rage cunkoso. A wannan yammacin zaɓin ya yi aikin da na sa shi.

Ban ɗora wa manhajar laifi ba, kuma ban ɗora wa kowa ba, domin gaggawata ce da rashin ƙidaya. Bayan kwana uku mai gidanmu ya kira ni daga hanyar Kano yana neman wata takardar yarjejeniya da wani dillali, ya ce ya duba wayarsa bai ga foldar ba. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, na mayar da ita kan kwamfutar ofis ne, yanzu zan turo maka." Da na buɗe sai na tarar saƙonnin sun tsaya a tsakiyar shekara ta farko, sauran babu su ko sama ko ƙasa. Na tuntuɓi masu riƙe mana imel, suka ce irin tsarin da muka saya ba ya ƙunshe da dawo da abin da aka goge daga kwandon shara, kuma da na koma na karanta sharuɗɗan na ga haka aka rubuta tun farko.

Wani matashi mai gyaran kwamfuta da ke da shago a kan titin IBB ne ya fitar da mu. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ko akwai wata kwamfuta mai wannan adireshi da ba ta hau intanet ba tun ranar da abin ya faru. Akwai kuwa, laftof ɗin abokin aikina da ya tafi ƙauye ganin gida ya bar ta a kulle a durowa. Ya ce: "Baba, don Allah kada kowa ya kunna ta a cikin ofishin nan, domin tana ganin intanet za ta goge nata ita ma. A kawo mini ita a kashe." A shagonsa ya kunna ta ba tare da haɗa ta da komai ba, bai ma buɗe Thunderbird ɗin ba, ya shiga wurin da manhajar ke ajiye kayanta a cikin Windows, ƙarƙashin AppData, ya sami foldar ImapMail, ya kwafe fayil ɗin dillalai zuwa filash. Thunderbird tana tara duk saƙonnin folda guda a cikin fayil ɗaya mai tsarin da ake kira mbox, tare da wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da msf wanda jerin sunayen saƙonnin ne kawai. Babban fayil ɗin ya ɗauko ya ajiye a sashen Local Folders na kwamfutata bayan ya rufe manhajar, da muka sake buɗewa sai ga saƙonnin sun jeru. Mun rasa na kusan mako uku na ƙarshe, waɗanda suka shigo bayan tafiyar abokin aikina, kuma waɗannan sai da na bi dillalai ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su sake turowa. A nan na ƙara ganin girman manhajar, domin da a ce a ɓoyayyen tsari take ajiye saƙo, wanda ita kaɗai ke iya karantawa, da wannan dabara ba ta yiwu da sauƙi haka ba.

Tun daga lokacin na bi saitunan manhajar layi-layi, kuma akwai wurare da nake ganin ya kamata duk mai amfani da ita ya leƙa kafin ya taɓa folda. Mafi haɗari a ganina yana cikin sashen Synchronization & Storage, inda ake iya cewa a riƙa goge saƙonnin da suka wuce kwana kaza don samun fili. Mutum zai zaci kwamfutarsa kawai zai rage wa nauyi, alhali rubutun da ke wurin ya faɗa ƙarara cewa gogewar ta haɗa da na asali da ke kan saba. Rubutun da Turanci yake, kuma ƙanana ne haruffansa, ga wanda Turancinsa na kasuwanci ne kawai yana iya wuce shi bai lura ba. Akwai kuma abin da take kira Compact. Idan ka goge saƙo ko ka sauya masa wuri, ba ya fita daga fayil ɗin nan take, alama kawai ake sa masa a ɓoye shi, kuma sai an yi wannan matsewar yake fita kwata-kwata. Matsewar aiki ne mai amfani da ke hana fayil kumbura, amma ranar da ka gane ka yi kuskure, ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka yarda a yi, domin kafin ta akwai sauran damar ceto. Haka nan maɓallin Repair Folder, a adireshin IMAP watsar da kwafin kwamfuta yake yi ya sake saukowa daga saba, saboda haka idan saba ta riga ta rasa saƙon, danna shi zai tafi da ɗan abin da ya rage maka.

Gmail nata halin daban ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A wurinta babu folda ta gaskiya, laƙabi ne take liƙa wa saƙo, kuma saƙo ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi uku, sai ya bayyana a Thunderbird kamar yana cikin folda uku, ga shi kuma a cikin All Mail, inda Gmail ke tara dukkan saƙonni. Wanda bai san haka ba zai ga kamar maimaici ne ya cika masa wuri, ya ce bari ya share. To, saƙo ɗaya ne tak, kuma idan ka jefa shi kwandon shara daga kowane wuri ya fita daga dukkan sauran, bayan kwana 30 kuma Gmail ta zubar da shi da kanta. Filin kyauta da Google ke bayarwa gigabayit 15 ne, wanda imel da Drive da hotuna ke rabawa, shi ya sa jarabar sharewa take da ƙarfi idan ya kusa cika. Sannan Google ta ƙayyade yawan abin da za a iya ɗorawa ta IMAP a rana zuwa megabayit 500, saukewa kuma 2500, don haka wanda ya kwaso saƙonnin shekaru zai zuba su cikin Gmail a zama ɗaya yana iya ganin aikin ya tsaya a tsakiya ko da sabis ɗinsa lafiya lau yake.

Yanzu idan zan yi irin wannan gyara, nakan fara da rufe manhajar in kwafe dukkan foldar bayananta zuwa faifan ajiya na waje. Tana da nata hanyar fitar da kwafi a dunƙule, amma tana ba da shawarar mutum ya kwafa da hannu idan bayanan sun wuce gigabayit 2, kuma namu sun daɗe da wuce haka. Na Gmail kuwa ta Google Takeout, hanyar da Google ta tanada don mutum ya kwashe bayanansa, nake saukewa, wanda shi ma a tsarin mbox yake bayarwa. Daga nan kwafi nake yi, ba na jan saƙonni kai tsaye, domin jan saƙo, saɓanin jan folda, ɗauke shi yake yi daga inda yake. Ina yi kaɗan-kaɗan, wata-wata, da safe lokacin da inji ke aiki, kuma ba na goge komai sai adadin da ke gefen sunan folda biyun ya zo daidai, na kuma buɗe wasu saƙonni masu ɗauke da takardu na tabbatar suna buɗuwa. Zubar da kwandon shara yayin rufewa na kashe shi a dukkan kwamfutocin ofis. Foldar da kawai ba na son gani kuma, cire rajistarta nake yi daga jerin Subscribe, sai ta ɓuya daga idona tana nan daram a kan saba.

Abin da nake fata masu manhajar su ƙara shi ne sanarwa babba, wadda ido ba zai tsallake ba, da za ta ce an kwafe saƙo kaza cikin kaza, ko kuma aikin ya yanke. A yanzu sai mutum ya lura da ɗan layin da ke ƙasan allo, ko ya buɗe Activity Manager, sashen da ke nuna ayyukan da manhajar ke yi, da kansa. Zai kuma yi kyau tambayar da take yi kafin goge folda ta ambaci cewa gogewar za ta shafi wayoyi da sauran kwamfutocin da ke kan adireshin. Duk da haka, ga ɗan kasuwa ko makaranta ko ƙungiya a Katsina da ke son imel ɗinsu ya riƙa buɗuwa ko babu sabis, ina ba da shawarar Thunderbird ba tare da wata-wata ba, da sharaɗin a sami mutum ɗaya a ofis da ya fahimci bambancin foldar da ke kan saba da wadda ke kan kwamfuta, kuma shi kaɗai zai riƙa taɓa tsarinsu. A namu ofishin ni ne aka ɗora wa wannan aiki, kuma kowace Alhamis kafin a tashi nakan kwafe komai zuwa faifan waje in kai shi gidan mai gidanmu da ke Ƙofar Soro.