Sola a saman rufi ko gini mai hana zafi: wanne mai gina filaza zai fara zuba wa kuɗi?

Alhaji, tambayar da ka kawo ita ce kana shirin gina bene hawa ɗaya a Kano, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, kuma ɗan rarar kuɗin da ke hannunka ba zai ɗauki abu biyu a lokaci guda ba. Mai kayan sola ya ce ka zuba shi a fanel da batura, mai zanen ginin kuwa ya ce a ƙara kaurin bango, a fitar da baranda, a shimfiɗa abin hana zafi a ƙarƙashin kwano, sannan a rage gilashi. A ganina jikin ginin ya kamata ka fara da shi, sai dai sola ma tana da hujjojinta masu ƙarfi, don haka bari in jera su kafaɗa da kafaɗa.

Aikin da kowannensu yake yi daban ne. Sola tana samar da wutar da ginin yake ci, gyaran jikin gini kuwa yana rage yawan wutar da ginin zai nema tun daga farko, kuma a filaza irin taka mafi yawan wutar na'urar sanyaya ɗaki ce take shanye ta. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wajen kilowat 1.1, idan kuwa ta yi awa 8 tana aiki ba hutawa, kamar yadda take yi a ɗakin da zafi ke shiga ta ko'ina, ta ci kusan yunit 9 ke nan a wuni. Fanel mai ƙarfin kilowat 1 a ranar Kano yana ba da yunit 4 zuwa 5 a wuni, yana kuma cin fili kamar murabba'in mita 5. Saboda haka kowace na'ura guda tana bukatar kusan murabba'in mita 10 na rufi, kuma kada a manta cewa a bene, rufi ɗaya ne sama da ƙasa suke rabawa. Idan na'urorin suka kai 20, rufin zai cika tun ba a zo kan fitilu da firij da kwamfuta ba.

Yanzu a dubi gilashin da ake yayin lulluɓe gaban filaza da shi. Gilashi garai-garai da ke fuskantar yamma yana iya shigar da zafin da ya kai kusan wat 500 ta kowane murabba'in mita tsakanin azahar da la'asar. Shagon da gabansa ke da murabba'in mita 6 na irin wannan gilashi yana karɓar zafin da ya kusa cinye dukkan sanyin da waccan na'ura take iya bayarwa, shi ya sa za ka shiga shago ka tarar na'ura tana ta gurnani amma mai shagon yana share gumi, ya kuma manna kwalaye ko labule mai kauri a jikin gilashin da aka kashe wa dukiya. Sayen sola domin irin wannan gini daidai yake da ƙara ɗibar ruwa ana zubawa a randar da ke yoyo. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 wannan ta duba, inda ta nemi kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango sai idan an yi musu inuwa, a kuma sa abin hana zafi a rufi. Ba kasafai ake tilasta bin ta ba, amma lissafin da ke cikinta lissafin aljihunka ne.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana, rana kusan a tsakiyar ka take mafi yawan shekara. Bangon kudu da na arewa baranda ko fitar rufi ta mita ɗaya tana ba su inuwa sosai, amma na gabas da na yamma rana tana dukan su ne daga gefe, fitar rufi ba ta kare su. Da fili zai ba da dama, sai a miƙar da tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, ƙofofi da tagogi su kalli kudu da arewa, kuma wannan ba ya cin ko kwabo. To amma a ginin kasuwanci titi ne yake zaɓar inda shago zai fuskanta. Idan titinka yana yamma, sai a yi baranda mai zurfi da ginshiƙai, a sa bulo mai huji ko a dasa itatuwa a gaba, a kuma mayar da matakala da banɗakuna ɓangaren da rana ta fi duka.

Kaurin bango kuma ya fi dacewa da wurin kasuwanci fiye da gidan kwana. Bango mai nauyi yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai bayan awanni, lokacin da ofis ya tashi, shago ya rufe. Sharaɗinsa shi ne a bar ƙananan tagogi masu raga a can sama domin iskar dare ta fitar da zafin kafin safiya, in ba haka ba ranar gobe za ta tarar da na jiya. Bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wanda ake gauraya shi da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, yana yin wannan aiki fiye da bulon siminti mai rami, yana kuma rage simintin da sarrafa shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ga mai ganin ginin ƙasa na marasa hali ne, kasuwar Dandaji a jihar Tahoua ta Nijar, wadda Mariam Issoufou Kamara ta zana, da irin wannan bulo aka gina rumfunanta, aka kuma yi musu inuwa da faya-fayan ƙarfe masu launi. Sai dai aikin yana son maginin da ya san shi, da harsashin da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufin da zai hana ruwan damina dukan bango.

Ta fuskar tsawon rai, fanel mai kyau ana ba shi garanti na shekara 25, amma batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ba sa kaiwa can: batirin ruwa shekara biyu zuwa huɗu ne, na litiyom yakan kai wajen goma idan ba a gasa shi a ɗaki mai zafi ba. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin fanel sai an riƙa wanke shi, tsananin zafin bazara ma yana rage shi kaɗan. Baranda da bango kuwa suna nan muddin ginin yana tsaye.

Inda sola ta fi ƙarfi shi ne wajen dawo da kuɗi, kuma nan ne na fi jin uzurin mai sayar da ita. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a wuni, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, abin da ɗan haya yake fara tambaya shi ne halin wuta. Sola abu ce da ake gani da ido, kana iya sa wa kowane shago mita ka riƙa karɓar kuɗi, kamar yadda aka yi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018 ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara. Gini mai sanyi kuwa kai ne za ka biya, ɗan haya ne zai ga rangwamen a kuɗin wutarsa, kuma ranar da ya zo duba shago ba zai ga abin da ke ƙarƙashin kwano ba, gilashin maƙwabcinka ne zai ɗauki idonsa. Ribarka za ta zo ne a hankali, ta hanyar 'yan hayar da ba sa tashi bayan bazara ɗaya, musamman na saman bene, waɗanda a yawancin filazoji su ne suke fara gudu. Idan kuma kai ne za ka sayar musu da wutar daga baya, ragin bukatar nan aljihunka zai dawo, domin fanel da batir kaɗan za su ishe ka.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne lokaci. Sola ana iya ƙara ta baɗi ko bayan shekara biyar, ana kuma iya yin ta kashi-kashi, amma inda gini ya fuskanta da kaurin bangonsa da zurfin barandarsa, da zarar an zuba kankaren bene magana ta ƙare. Don haka ka gina jikin da kyau, ka sa kwano mai farin launi, sannan tun yanzu ka sa injiniya ya ƙarfafa rufin yadda zai ɗauki nauyin fanel, a binne bututun waya, a ware ɗaki mai iska a ƙasa domin batura, a kuma raba layin fitilu da fanka daga layin na'urorin sanyaya ɗaki. Idan wani abu ya rage, ƙaramar sola ta fitilu da fanka da famfon rijiyar burtsatse ta isa a fara da ita. Shawarar za ta juya ne kawai idan 'yan hayar da kake sa rai masu ɗakin sanyi ne ko kantin magani mai ajiye allurai, domin su yankewar wuta ta 'yan awanni tana iya lalata musu kaya, kuma tun ranar da suka tare sai da sola da batir.