Gargaɗi ga masu shirin kai yara hutu bakin teku a Bridport: ku kira sansanin kafin ku tura ko fam ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila, musamman iyaye mata irina da ke neman inda za su fita da yara in an ba da dogon hutun makaranta. Na daɗe ina jin nauyin faɗin abin da ya same mu, amma na ga in na yi shiru wata za ta faɗa ramin da na faɗa, alhakin kuma yana wuyana.

A Birmingham muke zaune. Maigidana aikin dare yake yi a gidan kula da tsofaffi, hutunsa na shekara kuwa sai an yi rige-rige ake samun na watan Agusta. Yaranmu uku ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Muka haɗa kai da wata ƙawata da mijinta, su ma yara uku, muka ce bana sai gundumar Dorset, inda garin Bridport yake. Abin da ya ja mu Bridport a fili yake. Tsohon garin kasuwa ne wanda Sarki Henry na Uku ya ba shi takardar sarauta a 1253, har yau kuma kasuwarsa tana ci Laraba da Asabar a kan titi. Garin ya yi suna da tufkar igiya da saƙar raga tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai. Mil ɗaya da rabi daga cikin gari sai West Bay, inda kogin Brit ke shiga teku, ga tashar jiragen masunta, ga dogayen duwatsu masu ruwan zinariya. Duk wannan gaɓar tana cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2001, mil 95 daga Exmouth zuwa Studland.

A wani rukuni na shafin sada zumunta na ga tallar. Karaban ne, irin gidan nan mai kama da doguwar kwantena da ake girkewa a sansanin hutu, ɗaki uku, kicin, banɗaki. Hotuna goma sha biyu masu kyau, da lambar karaban ɗin, da sunan sansanin. Na duba taswira, sansanin yana nan, gaskiya ne. Mai tallar ya ce wasu ne suka fasa zuwa a ƙurarren lokaci, shi ya sa ya sauke kuɗin mako guda zuwa fam 480, alhali duk inda na duba a makon nan kuɗin ya ninka haka ko ya fi. Maganarsa da ladabi. Da na ce mu Musulmi ne, har cewa ya yi zai sa a wanke firiji da tukwane da kyau saboda mu. Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali, kuma yanzu na gane da gangan ya faɗe ta.

Ya nemi kafin alƙalami fam 150 ta tiransifa a ranar, wai akwai mutum biyu suna jira. A nan ne Allah ya nuna mini alama, na ƙi gani. Bankunan ƙasar nan suna da tsarin da ke gwada sunan da ka rubuta da sunan mai asusun kafin kuɗi ya fita. Na rubuta sunansa, manhajar banki ta ce sunan bai dace da asusun ba. Na tambaye shi, ya ce asusun matarsa ne, ya ba ni wani suna. Mu da muka saba a gida mai shago ya ce tura ta asusun ƙanena, ban ga abin mamaki ba. Na tura. Bayan mako biyu na tura ragowar fam 330, da wani fam 50 wai na ajiya ko yara za su fasa wani abu. Ya aiko mini da rasit mai tambarin sansanin, da saƙon cewa mu karɓi makulli a ofis ƙarfe huɗu na yamma ranar Asabar.

Mota biyu muka yi, manya huɗu, yara shida. Kuloli cike da dafa-duka da soyayyun kaji, ga dambun nama, ga cincin, domin mun san naman halal ba a ko'ina ake samunsa a ƙauyukan can ba. Muka bi babbar hanyar M5 zuwa Taunton, muka ratsa ta Crewkerne da Beaminster. Tafiyar da ta kamata ta ɗauki awa uku ta kai kusan biyar saboda cunkoson Asabar.

Matar da ke ofis ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta karɓi wayata ta kalli rasit ɗin. Fuskarta ce ta fara gaya mini. Ta ce karaban mai wannan lamba yana nan, amma na wasu dattawa ne miji da mata, ba sa ba da shi haya, suna ma ciki a lokacin. Rasit ɗin ba nasu ba ne, tambarin kawai aka kwafa. Ta ce ba mu ne na farko da suka zo mata da irin wannan takarda ba. Na kira lambar mutumin, a kashe. Na shiga shafinsa, ya toshe ni. Autata tana riƙe da ɗan bokitinta na wasan yashi tana tambaya, “Mama, wanne ne gidanmu?” Wallahi kuɗin bai yi mini zafin wannan tambayar ba.

Duk wanda ya san kudancin Ingila a Agusta ya san ba a samun ɗaki a daren Asabar. Sai kusa da Yeovil muka samu, a kuɗin da ya kusa kai na damfarar. Washegari matar ofishin, Allah ya saka mata, ta haɗa mu da wani manomi da ke ba da filin kafa tanti. Muka sayi tanti biyu muka yi kwana uku a ciki, da sanyin dare da ba mu yi shirinsa ba.

Ku lura da yadda tarkon yake. Sansanin na gaske ne, karaban na gaske ne, hotunan ma na gaske ne, sato su aka yi daga wata tsohuwar talla. Mutumin ne kaɗai ƙarya. Don haka duba taswira ba ya kare kowa. Abin da ke karewa kiran waya ne na minti biyu: ku nemo lambar sansanin da kanku daga shafinsa na intanet, ba lambar da mai talla ya ba ku ba, ku tambaya ko mai wannan suna yana da karaban mai wannan lamba, kuma ko an yarda ya ba da haya. Ku sa hotunan a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ku ga ko sun fito a wani gari da wani suna. In banki ya ce suna bai dace ba, ku tsaya a nan, kome daɗin bakin mai magana. Masu neman filin tanti ma ba su tsira ba, domin ana kwaikwayon shafukan sansanoni a canza harafi ɗaya a adireshi. Kuma kada wani ya ce muku ku biya shi ya nuna muku inda za ku kafa tanti a bakin ruwa. A Ingila sai da izinin mai fili ake kwana a tanti, in ban da wasu sassa na Dartmoor.

Hanyar biya ita ce rabin maganar. In kun biya da katin bashi abin da kuɗinsa ya haura fam 100 har zuwa 30,000, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin alhaki tare da mai sayarwa. In ta PayPal ne, kada ku yarda a ce ku zaɓi layin tura wa 'yan uwa da abokai, wannan ba shi da kariyar mai saye, kuma shi 'yan damfara ke so.

Ga wadda abin ya riga ya same ta, kada kunya ta hana ki motsi. Na yi kwana huɗu ban kira banki ba don ina ganin laifina ne. Tun daga 7 ga Oktoba 2024 doka ta tilasta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa tsakanin asusun cikin Birtaniya, har zuwa fam 85,000. Suna iya cire har fam 100, kuma sai an kai ƙara cikin wata 13. Suna iya ƙi in sun ga sakaci mai tsanani, shi ya sa maganar sunan da bai dace ba ta sa aka yi ta yi mini tambayoyi. Na faɗi gaskiya, na tura hotunan hirarmu da rasit ɗin, aka dawo mana da fam 430. Kuɗin otal da na tanti sun tafi. In banki ya ƙi, akwai hukumar Financial Ombudsman mai raba gardama tsakanin mutum da bankinsa, kyauta ake kai mata ƙara. Ku kai rahoto kuma cibiyar 'yan sanda ta damfara a 0300 123 2040. Bayan kwana biyu wani ya kira ni wai daga banki, zai taimaka a dawo da kuɗina in na karanto masa lambar da ta shigo wayata. Na kashe, na buga 159, lambar da ke haɗa mutum da bankinsa kai tsaye, suka ce ba su ba ne.

Ba na so wannan ya hana kowa zuwa. Yaran sun kama ƙaguwa da zare a tashar West Bay, sun tsinci dodon koɗin da ya zama dutse a Charmouth, sun ga gunkin Mary Anning, matar da ta yi suna wajen tono irin waɗannan duwatsun, a Lyme Regis. Ku dai duba lokacin cikar teku, kuma kada ku shimfiɗa tabarma a gindin duwatsun nan, suna zaftarewa ba sanarwa.

Makon jiya na sake ganin hotunan nan goma sha biyu a wani rukuni. Kujera mai ruwan toka, labule shuɗi, tebur mai kujeru huɗu a baranda. Wannan karon da sunan mace, kuma wai karaban ɗin yana Weymouth. Na kai ƙarar tallar, aka sauke ta, amma kafin nan mutum bakwai sun riga sun rubuta a ƙasa suna tambayar ko makon ƙarshe na Agusta yana nan.