Saussure ko Peirce: Wa Ya Fi Amfani ga Mai Nazarin Fim?

Ɗalibin ABU Zariya da zai feɗe fim yana da hanya biyu ta nazarin alamomin da ke cikinsa. Saussure, masanin harshe ɗan Suwizalan, ya ce alama fuska biyu gare ta: abin da aka gani ko aka ji, da ma'anar da jama'a suka ɗora masa. Rawani mai kunne biyu sarauta yake nufi, don kuwa haka muka saba.

Peirce, masanin falsafa Ba'amurke, ya kasa alama uku: kamanni, shaida da al'ada. Hoton Ƙofar Doka kamanni ne, ƙura a takalmin jarumi shaidar doguwar tafiya ce, rawanin nan kuwa al'ada. Ni dai na fi karkata ga Peirce, domin Saussure kan harshe ya gina nasa nazarin, kyamara kuwa kamanni da shaida take fara ɗauka.