Katin NHIS ko asibitin kuɗi? Amsa ga 'yar'uwar Aboabo kan ciwon kan maigidanta

Ƙanwata, sannu da jinya, Allah Ya tashi kafaɗun maigida. Kin ce yau mako uku ke nan ciwon kai na tashinsa wajen ƙarfe biyun dare, kullum ɓarin dama. Idon ya kaɗa ya yi ja yana zubar da hawaye, hancin wannan gefen ya toshe, ya kasa zama ya kasa kwanciya, bayan kamar awa ɗaya kuma abin ya sake shi kamar ba a yi ba. Kin ce bara ma ya yi irin haka ya ɗauke da kansa. Sai kika tambaya: ku bi layin gwamnati da katin NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, har ku dangana da Komfo Anokye, babban asibitin Kumasi, ko ku daure ku biya ku ga ƙwararre kai tsaye?

Ni ba likita ba ce, atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia nan Kumasi. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma duk hanyoyin nan biyu na taka su da nawa maigidan.

Shekara huɗu muka yi ba mu san sunan abin ba. An ba shi maganin maleriya, an ba shi na taifot, an ce ciwon hanci ne, a wani wuri har haƙorin sama aka cire masa, lafiyayye, ciwon kuma bai fasa zuwa a daren ba. Surukata da ta ga abin na zuwa a ƙayyadadden lokaci, sai ta ce iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya ga magidanci mai kunya ya fito tsakar gida da singileti cikin dare, ya danne ido da tafin hannu yana kai da kawo tsakanin famfo da bakin ƙofa, wani sa'in yana buga goshi a bango, maƙwabta na leƙe ta labule, to dole zuciyarsa ta tafi can. Gidan haya a Zango ba a ɓoye ciwo.

Sunan da aka ba mu daga ƙarshe shi ne kulasta, wato ciwon kai mai zuwa rukuni-rukuni. Ya kan kafa sansani na makonni ko 'yan watanni yana zuwa kullum, sannan ya ɓace wata da watanni, wani lokaci har shekara. Kowane tashi yana ɗaukar minti 15 zuwa awa 3, daga sau ɗaya a kwana biyu har sau 8 a yini. Ya fi kama maza, galibi yana farawa tsakanin shekara 20 da 40, kuma wajen mutum 1 cikin 1,000 ke da shi. Wannan ƙarancin ne ya sa ake yawan kuskurensa: ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya shekaru bai gamu da shi ba. Ban ce shi ne ke damun mijinki ba, likita ne zai yanke. Sai dai abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai.

Kada ki bari a haɗa shi da ciwon ɓarin kai da muka sani, wanda ya fi damun mu mata. Namu yana kai awa 4 har zuwa kwana uku, da tashin zuciya, mai shi kuma ɗaki mai duhu take nema ta kwanta shiru, don motsi ƙara shi yake. Mai kulasta ba ya iya kwanciya ko an ɗaure shi. Wannan bambanci kaɗai, in an faɗe shi a gaban likita, ya rage rabin aiki.

Yanzu ga abin da da na san shi tun farko, da ban zubar da kuɗina ba. Babu gwajin jini da ke nuna wannan ciwo, babu hoton da ke nuna shi. Da labari ake gane shi. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI da za a iya cewa ya yi, ana yinsa ne don a tabbatar ba wani abu ba ne ya laɓe a baya, kamar ƙari. In hoton ya fito lafiya lau, ba yana nufin ƙarya yake ba. Saboda haka kuɗi ba ya sayen ganewa. Abin da yake saye lokaci ne, kuma a kan lokaci ne hanyoyin biyu suka rabu.

Ta gwamnati, daga unguwarku Aboabo asibitin Manhyia ya fi muku kusa, ko na Tafo. Nan za ku fara, domin Komfo Anokye asibitin koyarwa ne, da takardar turawa ake shiga wajen ƙwararrunsa. Kafin ku fita ki danna *929# ki tabbatar katin nasa bai mutu ba. Ku yi sammako bayan asuba, ki riƙe masa ruwa da abin karyawa, don wuni ne. Wanda kuke nema shi ne likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ba likitan taɓin hankali ba. Ki fayyace wa dangi wannan da kyau, don da zarar an ji kalmar ƙwaƙwalwa a unguwa, kafin la'asar labari ya zama wani abu dabam. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a Ghana, yawancinsu kuma a Accra da Kumasi suke, mu nan mun yi sa'a ke nan. Ƙarancinsu ne ke sa ranar da za a ba ku ta iya yin nisa.

A nan matsalar take ga mai wannan ciwo musamman. Zangon ciwon na iya ƙarewa kafin ranar ta zo. Sai a shigar wa likita da ƙaton mutum lafiyayye, ido fari tas, yana murmushi, ana tambayarsa yana cewa "ai da sauƙi, alhamdulillahi". Nawa haka ya yi mini. Wallahi kamar in nutse a kujera. Namiji in ciwo ya sake shi, mantawa yake, ko kuma kunyar faɗa yake ji.

Amma kada ki raina wannan hanya. Fayil ɗinsa na nan, duk abin da aka gwada an rubuta. Likitan ido, na hanci da kunne, gwajin zuciya, duk a harabar asibiti ɗaya. Ciwon da zai dawo shekara bayan shekara yana buƙatar gida, kuma katin na rage nauyin ganin likita sau da yawa. Ki dai sani ba komai kati ke ɗauka ba: mu hoton MRI da wasu magunguna daga aljihu muka biya.

Ta kuɗi kuwa, in an dace, cikin kwanaki kaɗan ana ganin ƙwararre, ciwon na tsakiyar tashensa, a fara magani a lokacin da yake da amfani. Ana kuma samun zama a tsanake a yi bayani ba tare da ana ƙwanƙwasa ƙofa ba. Sai dai akwai rami biyu. Na farko, ba kowane gini mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki ke da likitan jijiyoyi ba. Ki buga waya tukuna ki tambaya ƙarara: akwai shi? wace rana yake zuwa? Sau da yawa likitan da ke asibitin koyarwa da safe shi ne ke zama a na kuɗi wata rana da yamma. Mu wurin farko da muka je, babban likita na gama-gari muka tarar, ya jera mana gwaje-gwaje shafi guda, muka biya, muka fito da maganin da ake samu a kowane kemis. Rami na biyu shi ne komawa. Ganin farko za a iya haɗa kuɗinsa, ko da adashi. Na uku da na huɗu ne ke karya mutum.

Dalilin komawar kuwa yana cikin maganin kansa, kuma maganin iri ɗaya ne ko ta wace ƙofa kuka shiga. Na rigakafi da aka fi farawa da shi sunansa verapamil, asalinsa maganin zuciya da hawan jini ne. A hankali ake ƙara shi, kuma ana yin gwajin bugun zuciya na ECG kafin a fara da kuma lokacin ƙari, domin yana iya rage gudun zuciya. Shi ya sa ba abin da za ki aika yaro ya sayo ba ne don kin ji suna a bakina. Kafin ya kama aiki, likita na iya ba da prednisolone na ɗan gajeren lokaci, ko allura a ƙeya inda wata jijiya ta bi.

Na tsayar da ciwo in ya taso guda biyu ne sanannu. Akwai allurar sumatriptan ta ƙarƙashin fata, ko irin maganin na fesawa a hanci. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ba a ba shi. Mu mun zaga shagunan magani na Adum, cikin garin Kumasi, neman allurar, ƙwaya muka yi ta samu, ƙwaya kuwa kafin ta narke ta shiga jini ciwon ya gama cin kasuwarsa. Ɗayan shi ne iskar oksijin zalla, lita 12 zuwa 15 a minti, ta abin rufe hanci da baki mai 'yar jaka a ƙasa, na kamar minti 15 zuwa 20, yana zaune ya ɗan sunkuya. Ranar da na fara ganin aikinta, ina riƙe da wayata ina duba lokaci, kafin minti goma sha biyu kafaɗunsa suka sauka, ya ɗago ya ce in ba shi ruwa. Na juya baya don kada ya ga hawayena. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma da yawa tana yi. Tukunya ake buƙata. Ƙaramar na'urar gida mai amfani da lantarki galibi lita 5 take bayarwa, ba ta isa ba, ga kuma ɗaukewar wuta. In tukunya ta shigo ɗaki, sigari da murhun gawayi da maganin sauro na kunnawa duk sun bar ɗakin.

Farasitamol da ire-irensa ɓata lokaci ne a nan. Tramol kuwa, don Allah ki tsaya a kansa. Abokai za su kawo masa da sunan taimako, ba ya tare wannan ciwo, kuma kin ga abin da ya mayar da samarin unguwanninmu. A gaban likita ya faɗi gaskiyar duk abin da ya sha, har sigari da abin da ya fi sigari in akwai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Giya ko kaɗan tana iya tayar da ciwon nan take in ana cikin zangonsa. In kunyarki zai ji, ki fita ki ba su wuri.

Akwai halin da babu zancen zaɓin hanya. In ciwon kai ya faɗo lokaci guda kamar tsawa, irin wanda bai taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko shanyewar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, sarƙewar harshe, farfaɗiya ko ruɗewa, sashen gaggawa kai tsaye, ko da tsakar dare, ko ki kira 112. Haka in jan idon bai washe ba bayan ciwon ya lafa, gani ya dushe, yana ganin zobe kewaye da fitila: wannan na iya zama hawan ruwan ido, likitan ido a ranar.

Da ni ce ke, ba zan zaɓi ɗaya ba. Gobe zan kai shi Manhyia a karɓi takardar turawa, a shiga layi, ko ranar ta yi nisa a riƙe ta. Tun da kuma yanzu yake tsakiyar wuta, in aljihu zai ɗauki ganin ƙwararre sau ɗaya, zan biya wannan ɗayan, in roƙi likitan ya rubuta abin da ya gano da tsarin magani a takarda, in kai ta cikin fayil ɗin gwamnati a ci gaba daga nan. In babu hali, ba a rasa komai ba sai sauri. Ki nemi likitan farko ya rubuta a takardar turawa cewa ciwon na kan tashi yanzu, kullum. Zancen tafiya Accra, asibitin Korle Bu ko wani wuri, ki ajiye shi tukuna. Wajen kilomita 250 ne, ga masauki, ga mutumin da ciwo zai iya kamawa a cikin mota kafin Nkawkaw. Sai in likitan nan ne ya tura ku.

Rubutu da addu'a kuma kada ki yi jayayya da surukarki a kansu, a ci gaba, a haɗa da asibiti. Hayaƙin ne kawai zan ce a sassauta, don nawa ƙara masa azaba yake.

Abin da ya buɗe mana ƙofa daga ƙarshe littafin makarantar ɗiyata ne mai shafi arba'in. Na ja layi na rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya sake shi, wane gefe, me ido da hanci suka yi, me ya sha. Na kuma ɗauki hoton fuskarsa da waya ana tsakiyar abin, fatar idon dama ta sauko, hawaye a kumatu ɗaya kawai. Ya yi fushi da ni kwana biyu a kan hoton. Likitan ya buɗe littafin, ya bi layukan da yatsa, ya kalli hoton ya daɗe, sannan ya ajiye biro ya tambaye shi ko yana iya kwanciya in abin ya zo. Ki nemo littafi yau kafin magariba, ki ajiye shi da biro kusa da matashinki, ki kuma sa wayar a caji.