Ludo King: lidon waya da ya dawo mana da hirar dare

Mu huɗu ne tun makarantar kwana, ɗakinmu ɗaya, sabulunmu ma kusan ɗaya. Aure ne ya watsa mu. Ni ina Kano, Malama tana koyarwa a Kaduna, Uwar Biyu tana Gusau, Auta kuwa miji ya ɗauke ta sai Fatakwal. Mun buɗe guruf a WhatsApp da zumuɗi, amma kafin a shekara biyu ya koma allon sanarwa: barka da Juma'a, hoton jariri, "Allah ya raya", sai shiru. Ba faɗa muka yi ba. Idan na kira Auta, daga ya gida ya yara ya zafi sai mu tsaya muna jin numfashin juna, kowa na neman yadda za ta yi sallama.

A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, Malama ta turo wasu lambobi a guruf ɗin, ta rubuta: "Ku sauke Ludo King, ku shigar da wannan, ina jiranku. Wadda ta ƙi zuwa tsoro take ji." Wannan jimlar ta ƙarshe ce ta kawo Uwar Biyu, don tun muna aji uku ba a ce mata tana tsoro. Daga daren nan zuwa yau da wuya Alhamis ta wuce ba mu zauna ba.

Tsarin abin ba shi da wahala. Manhajar kyauta ce, ba ta da nauyi, tsohuwar wayar da nake ba yara ma tana ɗaukarta. Za ka iya bugawa da kwamfuta ba tare da data ba, ko ku kewaye waya ɗaya kuna miƙa wa juna har mutum shida, ko a haɗa ka da baƙi ta intanet. Ɓangaren da ya shafe mu shi ne na abokai: mutum ɗaya ya buɗe ɗaki, a ba shi lamba, ya tura wa sauran, kowa ya shigo daga garinsa. Akwai wasan maciji da tsani a ciki, yarana sun fi son shi, ni ban taɓa kaiwa ƙarshensa ba.

Wanda ya tashi da lidon gida sai ya yi haƙuri a kwanakin farko. Namu na makaranta allon katako ne mai gilashi a sama, da hotunan 'yan kokawa a gidajen huɗu, gilashin ya tsage a gefe mun liƙe shi da salatif. Ƙwaya biyu ake zubawa a ɗan kofi, a toshe bakin da tafin hannu, a girgiza, a kifa da ƙarfi har sai na ɗakin kusa sun san ana lido. Siki biyu kuwa ihu ne. Kuma a ƙa'idarmu, in ka ci ɗan wani, naka ɗan ya fita ke nan, ya huta. A Ludo King ƙwaya ɗaya ce. Sai da siki za ka fito daga gida, siki yana ba ka ƙarin jifa, amma in ya zo sau uku a jere na ukun ya tashi a banza. In ka ci ɗan wani, shi zai koma gida, kai kuma ƙarin jifa kawai za a ba ka, ka ci gaba da zagaye kana waiwaye. Ga kuma gurabe masu tauraro inda ba a cin kowa. Da farko na ce wannan lidon ragwaye ne. Daga baya na gane ya fi namu mugunta, domin wadda ka ci ɗazu tana iya fitowa ta biyo bayanka, kuma Uwar Biyu ba ta mantuwa.

Maigidana ne, da ya gaji da jin ƙarar ƙwayar a kunnensa, ya ce min ai wasan nan gidansu ya koma. Asalinsa wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896, ya biyo su har ƙasarmu. Yanzu kuma wani kamfanin Indiyan, Gametion, na wani mai suna Vikash Jaiswal, ya sa shi a waya a 2016, kullen korona ya cika masa kasuwa. Na ce masa to ya gode wa Indiyawa, bayan fim ga lido, ya bar ni in yi jifana.

Manhajar tana da 'yan fuskokin dariya da kuka da ake jefa wa juna, da gajerun saƙonni, amma mu ba su ishe mu ba. Kiran murya muke haɗawa mu huɗu a WhatsApp, sannan mu koma kan allon. A nan ne abin ya yi mana rana. Ba sai kin zo da labari ba. Allon yana ba da abin faɗa duk bayan daƙiƙa goma: "Malama, ki ji tsoron Allah, ɗa ɗaya gare ni a waje." "Ƙawata, ba ni ba ce, ƙwaya ce." Tsakanin jifa da jifa sai ka ji tsadar gas ta shigo, da rikicin dangin miji, da wadda ta ga tsohuwar shugabar ɗalibanmu a wajen biki ta yi ƙiba. Maganar da ba za ta sa ki ɗaga waya ki kira mutum ba, a bakin allo sai ta fito da kanta.

Halin kowa yana nan yadda na san shi. Malama tana lissafa gurabe da baki kamar tana gaban aji. Uwar Biyu za ta bar hanyar shiga gida don ta rama cin da aka yi mata tun farkon wasa. Auta kuwa ba ta da uwa a lido, ko kina roƙonta da girman zumunci sai ta cinye ki tana dariya.

Shi ya sa wani dare na tsargu. Ɗana yana gabanta da gurbi huɗu, ƙwaya ta ba ta huɗu cif, sai ta matsar da wani ɗan can baya. Na yi shiru. Aka zagayo, ta sake samun Malama a fili, ta sake ƙyalewa. Kuma tun da aka fara ba ta tsokani kowa ba. Na ce, "Auta, ke lafiya kuwa?" Ta ce lafiya lau. Uwar Biyu ta ce, "Ƙarya kike, yau ko mutum ɗaya ba ki ci ba." Sai muka ji ta ja hanci. Ashe kwana biyar ke nan da ta yi ɓari, cikin wata huɗu, ba ta gaya wa kowa ba sai mahaifiyarta. Muka bar allon a buɗe, lokaci yana ƙarewa, manhajar tana matsar mana da 'ya'ya da kanta, mu kuwa muna kan waya har ƙarfe ɗaya saura. Da a rubuce muka tambaye ta, "Alhamdulillah" za ta turo da hoton fure, shi ke nan.

Ba komai nasa nake yabo ba. Abin kyauta da talla yake rayuwa, don haka tsakanin wasa da wasa sai an nuna maka wani abu, ni dai ina kifa wayar in je in duba tukunya. Lokacin jifa ƙayyadadde ne, in sabis ɗin unguwarku ya yi rauni za a yi maka jifar, a matsar da ɗan da ba shi ka so ba, in abin ya yi yawa a fitar da kai. Auta ta fi shan wannan da damina, kuma duk ranar da aka cinye ta sabis ne, duk ranar da ta ci gwaninta ce. Wasa da baƙi kuwa na gwada sau uku na bari. Suna ne kawai da hoto, ba gaisuwa, wanda ya ga za a cinye shi sai ya fice ya bar ka da allo. Lami ne, kamar miya ba gishiri.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sulallan cikin wasan. Kafin a shiga ɗaki kowa yana zuba wasu, wanda ya ci ya kwashe. Ba kuɗin gaske ba ne, ba a cire su a sayi ko ashana, amma ana iya sayensu da kuɗin gaske, kuma siffar abin ba ta yi min ba. Na kuma san akwai malaman da ke hana duk wasan da ake jefa ƙwaya, ko da kuɗi ko babu. Surukata tana kan wannan fahimtar, ba na buɗe shi a gabanta. Mu dai mafi ƙarancin zubi muke zaɓa, ba wadda ta taɓa sa kobonta, kuma na hana yarana shiga ɓangaren baƙi.

Ga mai ƙawaye ko abokai da nisa ya raba, waɗanda har yanzu ana son juna amma hirar ta bushe, ina ba da shawarar a gwada, a haɗa da kiran murya, a tsayar da rana guda. Wanda kuma yake neman sababbin abokai a ciki, ban ga alamar zai samu ba.

Da babbar sallar da ta wuce Allah ya haɗa mu huɗun a Kaduna, karo na farko cikin shekaru. Malama ta shiga ɗaki ta fito da allon katako mai gilashi, sabo fil, da kofinsa. Mun fi minti ashirin muna musu a kan ƙa'idar da za a bi, ta makaranta ko ta waya. Aka tsaya a ta makaranta. Auta ta girgiza kofin, ta kifa, siki biyu, kafin shayi ya huce ta cinye min 'ya'ya uku.