Wane ɓera za ka saya idan binciken ƙiba da tsufa za ka yi?

Ɗalibai na yawan tambayata wane irin ɓera ya dace da nazarin yadda jiki mai ƙibar gado ke sauya sarrafa abinci idan shekaru suka ja. Ni dai amsata ba ta canzawa: ɓeran Zucker mai ƙiba.

Lois Zucker da mijinta Theodore ne suka fara bayar da labarinsa a 1961, daga jihar Masacusets ta Amurka. Matsalarsa tana a wurin da sinadarin leptin ke sauka ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Saƙon ba ya isa, don haka ɓeran ba ya ɗaga kai daga kwano. Kafin ya cika mako 5 za ka gan shi ya fi 'yan'uwansa faɗi. Abin da ya sa nake son sa shi ne ba ya gaggawa. Insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, na yin yawa a jininsa tun yana matashi, kitse ma haka, amma sukarinsa ba ya haurawa sosai. Da tsufa ya shigo insulin ɗin ya fara sauka, ƙoda kuma ta fara zubar da furotin a fitsari, kuma ƙodar ce ke yawan kashe shi tun kafin ɗan'uwansa siriri. Ka ga ke nan ka samu watanni kana bin sauyin daki-daki. Ko ka rage masa abinci nauyinsa zai ragu, amma kason kitsen da ke jikinsa zai ci gaba da fin na siriri.

Sauran fa? Akwai ɓeran ZDF, jikan Zucker ne da aka tace a Jami'ar Indiyana. Namijin kan kamu da ciwon sukari wajen mako 10, sai ka koma nazarin ciwon sukari alhali tsufa ka fito nema. Ɓeran Koletsky yana zuwa da hawan jini, ya dagula maka lissafi. OLETF na Japan kam ba laifi, domin ƙibarsa matsakaiciya ce, sukarinsa kuma sai bayan mako 18 yake hawa, ya fi kama da yadda abin ke samun ɗan'adam. Sai dai samunsa aiki ne.

Yanzu ga inda na ƙone. Ina tsakiyar digiri na biyu wani dillali ya ce yana da Zucker a rabin kuɗi. Na biya tun ban gani ba, na manta ba a cinikin biri a sama. Aka kawo su cikin kwali, farare tas, jajayen idanu, cikinsu na jan ƙasa. Bayan mako 6 a kan abincin keji na yau da kullum, sai sikeli ya fara nuna suna ramewa. Ashe Wistar ne, irin wanda ya cika ɗakunan gwajin jami'o'inmu, aka ɗura musu abinci mai maiƙo har suka kumbura. Da na san kamanninsa da ban faɗa ba: Zucker baƙi ne ko ruwan ƙasa, ko ɗaya daga cikinsu haɗe da fari. Duk wanda ya miƙo maka zabiya ya ce Zucker ne, ka riƙe kuɗinka.

Launi kaɗai ma bai isa ba. Ka nemi takardar gwajin ƙwayar halitta, in da hali ka yanki ɗan gefen kunne ka sake gwajin da kanka ta hanyar PCR, wato dabarar gano gadon a ƙwayar halitta. Ka kuma tambayi iyayen. Masu ƙibar da wuya su haihu, saboda haka sirara masu ɗauke da gadon ake haɗawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ne ke fitowa da ƙiba. Mai kiwon da ya nuna maka uwa jibgegiya da 'ya'ya goma duk masu ƙiba, tatsuniya yake maka.

Ranar haihuwa ita ma a rubuce kake son ta. Masu kiwo da yawa nauyi suke dubawa su ƙiyasta shekaru, ga ɓera mai ƙiba kuwa nauyi ba ya faɗin gaskiya. Idan aka haɗa maka ɗan mako 12 da ɗan mako 20 a rukuni ɗaya, binciken tsufa ya mutu tun ba a fara ba.

Kada ka manta da siraran da za ka kwatanta da su. Daga gida ɗaya za ka saye su, rana ɗaya, kuma ka tambaya ko suna ɗauke da rabin gadon, domin masu ɗauke da shi ba daidai suke da marasa shi ba. Kamfanoni irin su Charles River suna sayar da duka biyun. Da tsada, ga kuɗin jirgi da takardun shigo da dabba, ga na'urar sanyaya ɗaki, don mai ƙiba ba ya jure zafi. Ka kuma sayi fiye da adadin da lissafinka ya nuna, domin wasu za su mutu da ciwon ƙoda kafin ka kai watan da kake son aunawa.