Gargaɗi ga mutanen Damagaram kan masu tallar "sansanin koyon hawan igiyar ruwa"

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyaye da samari.

Akwai wata talla da ke yawo a rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook da TikTok, kuma an fi auna masu ɗan abin hannu da ita: ɗaliban jami'a, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, 'ya'yan 'yan kasuwar Dole, da sababbin ango da amarya. Ana cewa za a kai mutum bakin teku a Dakar ko Ghana ya yi mako guda yana koyon hawan igiyar ruwa, wasan nan da ake tsayawa kan allo igiyar teku ta turo mutum zuwa gaɓa, wanda a tallar ake rubuta shi surf. Jirgi da masauki da abinci da malami duk a kuɗi ɗaya mai sauƙi, wai gurabe uku suka rage, a turo kafin alƙalami jika 50 yau kafin magariba.

Wasan na gaskiya ne. Ya shiga gasar Olimfik tun wadda aka yi a Tokyo a 2021, kuma akwai makarantunsa na ƙwarai a Senegal da Ghana da Kodebuwa da Maroko. Abin da ya ba 'yan damfara ƙofa a wajenmu shi ne yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Wanda ruwan da ya sani bai wuce tafkin unguwa da damina ko na Gidimuni ba, in aka nuna masa hoto ba zai iya raba wurin koyo da wurin halaka ba. Shi ya sa za mu fara da ruwan kafin mu zo ga kuɗin.

Makarantar gaskiya, tambayarta ta farko ita ce: ka iya iyo? Za su so su ji ko kana iya mita 50 ba tsayawa, ko kana iya tsayuwa cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsawonka na 'yan mintoci ba tare da ka riƙe komai ba. Sai su tambayi tsawonka da nauyinka domin zaɓen allo, su tambayi ko kana da asma ko farfaɗiya ko ciwon zuciya. Ɗan damfara ba ya tambayar ko ɗaya. In ma kai ka ce masa ba ka iya iyo ba, zai ce ba komai, allon ne zai riƙe ka. Wannan magana kaɗai ta isa a rufe hira da shi. Allo yana kuɓucewa, maɗaurin da ke haɗa shi da ƙafa yana tsinkewa, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Wurin mai koyo rairayi ne a ƙasansa, mai gangara a hankali, inda mutum zai tsaya ruwa iya ƙugu. Ba a fara wa sabon shiga da igiyar da ke tasowa tana naɗewa. Ana fara masa da farar kumfar da ke biyo baya bayan igiyar ta fashe, tsayinta daga gwiwa zuwa ƙugu. Allonsa na soso ne mai taushi, dogo mai faɗi, ƙafa 8 zuwa 9, wato mita 2.4 zuwa 2.7, domin ya ɗauki nauyinsa kuma in ya buge shi a fuska kada ya fasa masa kai. Darasi awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, kuma ana fara shi a kan rairayi, a koyi kwanciya kan allo da tuƙi da hannu da miƙewa, a koyi yadda ake faɗuwa a baje tare da kare kai da hannuwa. Malami ɗaya kada ɗalibansa su wuce 8 a cikin ruwa, kuma shi ma yana cikin ruwan tare da su.

Yanzu a duba hotunan tallar. Sau da yawa za a ga siririn allo mai tsini da ƙatuwar igiya ta naɗe kamar rami, irin ta Teahupo'o a tsibirin Tahiti inda aka yi wannan wasa a gasar Olimfik ta 2024, an rubuta "Dakar" a ƙasa. Ko kuma a sa hoton Ouakam, inda masallacin nan mai dogayen hasumiyoyi yake a bakin ruwa, domin an san zuciyar Musulmi za ta kwanta da ganinsa. Ouakam a Dakar take, gaskiya ne, amma igiyarta kan duwatsu take fashewa, ta gwanaye ce. Haka sananniyar igiyar tsibirin Ngor: ƙasanta dutse ne cike da bushiyar teku, wata halitta mai ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa. Makarantun Dakar masu mutunci bakin ruwa mai rairayi irin na Yoff suke kai sababbi. A Ghana kuwa Busua ce aka sani da sauƙin ruwa, a yammacin Takoradi. Duk wanda ya ce zai koya wa sabon shiga a bakin tekun Kwatano ko Lome, a yi hattara da shi ƙwarai, domin ruwan can yana da ƙarfin ja kuma igiyar a kan gaɓa take dukan ƙasa. Ko a Dakar akwai bakin ruwan da hukuma ta hana wanka saboda yawan nutsewa.

Ga wata tambaya da ke tona asirin wanda bai san aikin ba. A ce masa, in ruwa ya ja ni zuwa ciki, me zan yi? A bakin teku akwai wasu hanyoyi da ruwan da igiya ta turo yake komawa ta cikinsu da gudu, kuma abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar ruwa, sai baƙo ya zaɓe shi. Malamin gaske zai ce kada ka yi kokawa da shi, kada ka saki allo, ka tuƙa ta gefe daidai da tsawon gaɓa har ka fita daga hanyar, ka ɗaga hannu a gan ka. Wanda ya yi ta kame-kame ko ya ce "babu irin wannan a wurinmu", bai taɓa koyar da kowa ba.

A kuma tambaye shi yanayin ruwa a watan da za a je. Mutane suna ɗauka duk tekun Afirka ta Yamma ɗumi ne. A Dakar daga Janairu zuwa Afrilu ruwan yana sanyi har ya sauka wajen digiri 20, sai da rigar roba mai matse jiki ake jure awa biyu a ciki. Daga Agusta zuwa Oktoba ne yake ɗumi sosai. Mai tallar da ya ce a zo Dakar a Fabrairu da gajeren wando kawai, daga ɗakinsa yake tsara maganar.

Mu zo ga kuɗi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne a mota, daga nan jirgi zuwa filin Blaise Diagne da ke Diass, wajen kilomita 50 daga tsakiyar Dakar. Kafin a tura ko dala, a shiga kowane ofishin sayar da tikitin jirgi a tambayi kuɗin Yamai zuwa Dakar, zuwa da dawowa. A ɗora kwana bakwai na masauki da abinci da darasi. Sansanonin da ke karɓar Turawa da yuro suke sa farashi, kuma kowane yuro 100 ya kai kusan sefa 65,600. In jimillar tallar ba ta ma kai kuɗin tikitin ba, to an san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bayan kafin alƙalami sai a fara tatsa kaɗan-kaɗan. Yau kuɗin biza, gobe na inshora, jibi na katin rigakafi. Ɗan Nijar ba ya buƙatar biza don shiga Senegal. Ƙasashen biyu suna cikin UEMOA, kuɗinsu ɗaya, kuma ko bayan ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ƙungiyar ta sanar cewa shige da fice ba biza zai ci gaba. Katin zazzaɓin shawara kuwa ba a sayensa ta waya. Mutum da kansa yake zuwa cibiyar lafiya a yi masa allura, katin ya fara aiki bayan kwana 10. Wanda ya sayar maka da kati ba allura ya cuce ka sau biyu, a aljihu da a lafiya.

Dabarar tikiti ta fi kama mutane, don haka a lura da kyau. Za su turo takarda mai tambarin kamfanin jirgi da sunanka da lambar ajiyar wuri mai haruffa ko alƙaluma 6. In ka duba a shafin kamfanin za ka ga sunanka, sai hankalinka ya kwanta ka biya sauran kuɗin. Ajiyar wuri ana iya yinta ba a biya komai ba, kuma tana gogewa da kanta bayan ɗan lokaci. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. A nemi wannan lambar, a kira kamfanin jirgin a tabbatar. Mafi alheri ma mutum ya sayi tikitinsa da kansa, ya bar wa sansani masauki da darasi kawai.

A dubi lambar wayar. Ta Senegal da +221 take farawa, ta Ghana da +233. In sansanin "Dakar" yana magana da lambar wata ƙasa, ko ya ce a tura kuɗi da sunan wani mutum daban wai "akawunmu ne", a tsaya nan. Kasuwancin da ke da rajista a Senegal yana da lambar NINEA, wato ta shaidar kamfani a wajen hukuma, da ta RCCM, wato ta rajistar kasuwanci, a kan takardar biyan kuɗinsa. Wasu 'yan damfarar sunan makarantar gaske suke sata, da hotunanta, su canza lambar waya kawai. Maganin wannan shi ne a nemo makarantar a taswirar Google da hannunka, a kira lambar da ke can, a tambaye su ko sun san wannan wakili na Damagaram. Hotunan kuma a sa su a Google Lens, zai nuna inda aka kwaso su. Sannan a nemi kiran bidiyo kai tsaye da rana: a nuna maka jerin alluna, a juya waya ka ga tekun, malamin ya nuna takardar shaidarsa ta koyarwa, irin wadda ƙungiyar wasan ta duniya ISA ke bayarwa, tare da ta ceton rai a ruwa. Wanda kullum "rezo ba kyau" idan an zo bidiyo, amma rezo yana da kyau idan an zo karɓar kuɗi, an gane shi. Kuma Allah ya hore mana 'yan uwa ko'ina. Akwai ɗalibanmu a Jami'ar Cheikh Anta Diop, akwai Hausawa a Nima da Sabon Zango a Accra. A ba wani kuɗin mota ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji.

Hajiya, in 'yarki ce za ta je, a ƙara tambaya. Masu tallar sun iya cewa "na Musulmi ne zalla, malama mace ce". A nemi ganin malamar a bidiyo, a ji ko ɗakunan mata daban suke, ko ana sayar da giya a gidan, ko an yarda da rigar iyo mai rufe jiki. Sansanoni da yawa na gaskiya ɗaki ɗaya suke haɗa maza da mata mai gadaje bisa juna, kuma in an tambaye su ba sa ɓoyewa.

Akwai kuma wanda ba gudu zai yi da kuɗi ba, yana can bakin ruwa da tsofaffin alluna biyar da ya yi haya. Alamarsa allo mai tauri a hannun sabon shiga, maɗaurin ƙafa da ya tsattsage ko aka ɗaure da igiyar shanya, ɗalibai goma sha ga yaro ɗaya da ke tsaye a gaɓa yana danna waya, ba akwatin magani, ba wanda ya san asibiti mafi kusa. Kuma kowace rana lokacin da yake shiga ruwa da mutane ba ya canzawa, alhali cika da janyewar teku suna matsawa da kusan minti 50 kullum, shi ya sa makarantar gaske take sauya lokacin darasi. Wanda ya isa ya tarar da haka, ya haƙura da kuɗin ranar, kada ya shiga.

Mafi muni ita ce tallar da ke cewa bayan horo za a ba ka aikin koyarwa ko na otel da albashi. Ba a zama malamin wannan wasa a mako biyu, balle ga wanda jiya ya fara ganin teku. Irin wannan alkawari ne ake jan samari da shi zuwa biranen bakin teku, a karɓe fasfo da waya "don ajiya", a tara su a gida ɗaya a ce sai sun kira 'yan uwa sun turo kuɗi ko sun jawo wasu. Kada a miƙa wa kowa fasfo, kada a tura hotonsa ko na katin ɗan ƙasa kafin a tabbatar da wurin, domin da su ake buɗe layin waya a damfari wasu da sunanka. Lambar sirri da ke shigowa waya ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa ita.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya koma ofishin da ya yi aiken nan take da rasit ɗinsa, domin in ba a cire kuɗin ba ana iya tsayar da su. Kada ya goge hirar. Ya ɗauki hoton kowane saƙo da lambobin waya da sunan da aka karɓi kuɗin da shi da adireshin shafin, ya kai komisariya ko wajen jandarma. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019. Ya sanar da rukunin da ya ga tallar a ciki. Bayan 'yan kwanaki wani zai iya kira ya ce shi lauya ne ko jami'i, an kama ɓarayin, a turo jika 20 na buɗe takarda a maido da kuɗin. Su ne dai suka dawo da wata lambar, a ƙara ta cikin takardun da aka kai komisariya.